Babi na Biyar: Kwamin Wankin Zinariya da Shimfiɗarsa

Kasko, wanda muka gama bayaninsa a babin da ya gabata, abin neman labari ne. Da shi ake gane ko akwai zinariya a wuri ko babu. Amma komai ƙwarewar mutum, in ya wuni durƙushe a bakin rafi yana jujjuya kasko, 'yan baro kaɗan na tsakuwa zai wanke kafin bayansa ya ƙage. Shi ya sa duk inda aka taɓa samun zinariya a rafi, ba a daɗewa sai wani ya haɗa kwami, ya kwantar da shi a gangare, ya bar ruwa ya yi masa aikin.

Kwamin wanki doguwar magudana ce mai gindi da gefe biyu, kai a buɗe, ƙarshe a buɗe. Ana shimfiɗa wani abu mai kaushi a ciki, a jera 'yan shingaye a gicciye, a ɗan karkata shi, ruwa ya riƙa bi. Kana zuba tsakuwa daga sama, ruwa na ficewa da marar nauyi, mai nauyi na maƙalewa. A Amurka da Kanada da Ostireliya da Finlan akwai mutane da yawa da suka mai da wannan aiki abin sha'awa. Wani malamin makaranta ne, wani direba, wani ɗan fansho. Ranar hutu sai ya jefa kwaminsa a bayan mota ya nufi rafi. Sau da yawa abin da zai samo ba zai biya man da ya ƙona ba. To amma da yake ba yunwa ce ta kai shi ba, yana da abin da mai haƙo don ciyar da iyali ba shi da shi, wato sukunin tsayawa ya auna, ya canza, ya sake aunawa. Ilimin da ya taru a hannun waɗannan mutane shi nake so mu kwasa a wannan babi, domin akwai masu bukatarsa fiye da su.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan

Duk aikin a kan nauyi ya dogara. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Farin dutsen da yawancin yashi ke fitowa daga gare shi, in ya cika lita, kilo 2.65 ne. Baƙin yashi mai ƙarfe wajen kilo 5, dalma kilo 11.3, zinariya kuwa kilo 19.3. Ke nan a sarari zinariya ta ninka yashi sau 7 da ɗoriya. A cikin ruwa tazarar ta fi haka, domin duk abin da ya nutse yana rage nauyi daidai da ruwan da ya ture: zinariya ta koma 18.3, yashi ya koma 1.65, ninkin ya kai 11. Wannan ne dalilin da ya sa ake wanke ta da ruwa in dai akwai shi.

Wanda ya taɓa ganin mata suna shiƙar gero ya riga ya san rabin karatun. Iska ce ke kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zubo a gindi. In iskar ta yi ƙarfi, har tsabar sai ta bi. In ta mutu, ƙaiƙayin ya dawo cikin tsaba. Haka ruwa yake a cikin kwami.

Sauran rabin karatun yana bayan shinge. Ka tsuguna ka ƙura ido ga shinge ɗaya yayin da ruwa ke gudu. Ruwan yana haye shi, sai ya lanƙwasa ya komo baya, yana jujjuyawa a ɗan lungun da ke bayansa. Yashin da ke wurin ba ya zama lafiya: yana rawa, yana tashi yana komawa. Cikin wannan rawa ne ƙwayar zinariya ke kutsawa ƙasa ta shige shimfiɗa, farin yashi kuma ya ɗago, ruwa ya yi gaba da shi. In ka ga lungun ya cika ya daskare, ka danna da yatsa ka ji tauri, to kwaminka ya mutu ko da ruwa na gudu, domin zinariyar da ta zo za ta sulale ta wuce. In kuma ka ga lungun wayam, har kana hango shimfiɗa tsirara, ruwa ya yi yawa, yana share maka komai. Abin da ake nema shi ne yashi ya kasance a wurin, kuma ya kasance yana motsi.

Daga fatar tunkiya zuwa shimfiɗar bakin ƙofa

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Strabo, masanin ƙasa Bagirke da ya rayu kimanin shekara 2,000 da suka wuce, ya ba da labarin mutanen tsaunukan Kokeshas, a Jojiya ta yau, waɗanda ke tare zinariyar rafi da kwami mai huji da fatun tumaki masu gashi. Pliny, marubucin Rum, ya bayyana yadda a ma'adinan Sifen ake shimfiɗa wani tsiro mai ƙaya a magudanai, bayan wanki a busar da shi, a ƙone, a wanke tokar a fitar da zinariya. Littafin Georgius Agricola na 1556 cike yake da zanen kwamaye masu shimfiɗar ƙyalle da fata da ciyawa. Kayan sun bambanta, bukatar ɗaya ce: wani abu mai lunguna da ƙwayar zinariya za ta faɗa ta ɓuya daga ruwa.

Siffar da muka sani a yau ta bunƙasa ne a Kalifoniya. Ranar 24 ga Janairu, 1848, James Marshall ya tsinci zinariya a magudanar injin yanka katako na John Sutter a Coloma, kuma kafin shekara biyu duniya ta yi ca a wurin. Da kasko aka fara, aka koma ga akwatin da ake girgizawa da hannu, daga nan aka shiga haɗa kwamaye masu tsawon ƙafa 12 kowanne, ana jona wannan a bakin wancan har su yi nisa. Daga 1853 aka fara rushe tsaunuka da ruwa mai matsi ana tura laka cikin kwamayen. Tarkacen ya cike koguna, ya binne gonaki, garuruwa irin su Marysville suka sha ambaliya, har alƙali Lorenzo Sawyer ya hana zubar da shi a kogi a 1884. Wata ɓarnar kuma ba a ganin ta da ido. Masu wankin sun riƙa zuba zaiba a cikin kwami don ta kama ƙananan ƙwayoyi, kuma hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa wajen tan 4,500 na zaiba ya salwanta ta wannan hanya a Kalifoniya. Har yau ana gargaɗin mutane kan cin kifin wasu ruwayen yankin.

Haɗa kwamin

Kwamin mai sha'awa ƙarami ne, abin da mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa. Tsawon mita 1 zuwa 1.2 ya isa, faɗi santimita 25, tsayin gefe santimita 10. Waɗanda ake sayarwa galibi na alminiyon ne saboda rashin nauyi, kuma duk mai lanƙwasa kwanon rufi zai iya fitar maka da shi daga falle ɗaya, babu mahaɗa balle yoyo. In da katako za ka yi, nemi busasshe marar ƙulli, ka goge cikinsa sumul, ka ɗaure da sukuru maimakon ƙusa, ka toshe kusurwoyi da silikon. Tsagar da allura za ta shiga, zinariya ma za ta shiga.

A kai, ka buɗe bakin ya fi jikin faɗi, don ya tattaro ruwan rafi ya turo shi ciki. Santimita 20 na farko ka bar su ba shinge. Nan ne tsakuwa ke warwatsewa ta daidaita kafin ta isa wurin aiki. Mutane da yawa sukan manna baƙar roba mai ƙananan layuka a wannan wuri, domin zinariya na haskawa a kan baƙi: kana zuba shebur biyu uku za ka ga ko ramin da kake haƙa yana da alheri, ba sai ka jira yamma ba.

Shingayen kada ka kafe su a jikin kwami. Ka yi musu firam mai siffar tsani wanda za a iya ɗagawa gaba ɗaya, a danne shi da noti ko da 'yan itatuwan da ake cusawa a gefe. Dole ya danne shimfiɗa sosai, domin in ruwa ya sami hanya ta ƙarƙashi, zai yashe abin da ka tara. Tsayin kowane shinge kada ya wuce santimita 1.5 zuwa 2.5, tazara tsakaninsu kuma kamar ninki biyu zuwa uku na tsayin. Wanda aka fi yayi shi ne ƙarfen kusurwa mai leɓe da ke kallon ƙasan ruwa, saboda leɓen yana taimaka wa ruwa ya yi juyin nan da muka gani.

Sai dai dogon shinge na manyan ƙwayoyi ne. Yawancin zinariyar rafi ƙanana ce, wata kamar garin tuwo, wata kuma falle-falle, mai saurin bin ruwa. Irin wannan ta fi son ragar ƙarfe mai idon lu'ulu'u, wadda ake tsattsaga falle a ja shi ya buɗe. Kowane ido ɗan shinge ne, ga su ɗaruruwa, kuma ba sa tayar da ruwa da ƙarfi. Ragar tana da gaba da baya. Ka shafa ta da tafin hannu: in ka bi hanyar ruwa hannunka ya sulale, in ka komo sama ya sarƙe, to ka kwantar da ita daidai.

Shimfiɗa

Shinge rarrabewa yake yi, ajiya aikin shimfiɗa ce. Wadda masu wanki a Yukon da Alaska suka fi yarda da ita ba don zinariya aka ƙera ta ba. Shimfiɗar goge ƙafa ce ta bakin ƙofa, mai suna Nomad, ta kamfanin 3M, wadda aka yi da zaren roba a cukurkuɗe kamar taliya. Irinta tana nan a kasuwanninmu, ita ce ake gani a ƙofar shaguna da ƙasan motoci. Zinariya na faɗawa tsakanin zaren ta gangara can ƙasa inda ruwa ba ya gudu. In ka sami marar bango a baya ta fi sauƙin wankewa. Sai ka sa roba mai layuka a ƙarƙashinta ta tare abin da ya zarce.

Kafet ma yana aiki, amma ba kowanne ba. Mai dogon gashi yana cika da laka nan da nan ya zama santsi, kuma fitar da zinariya daga cikinsa wahala ne. Siriri mai layi-layi ya fi. Bargo da tawul da buhun algarara suna kama ƙananan ƙwayoyi da kyau, da sharaɗin a riƙa cire su ana wankewa a kai a kai, domin ba su da zurfin ajiya. Wasu masu sha'awar har zuba tasu shimfiɗar suke yi: su sassaƙa ramuka da layuka a katako, ko su buga zubin da injin ɗab'i mai fitar da siffa, su kwarara silikon ko ruwan roba, in ya daskare su ɓare. Ta haka mutum ke gwada zurfin rami kala-kala har ya dace da irin zinariyar rafinsa.

Kowace iri ka zaɓa, ka wanke ta da sabulu kafin ta shiga ruwa. Maiƙo abokin gabar mai wanki ne. Ƙaramar ƙwayar zinariya, duk nauyinta, in ta taɓa mai ko ta bushe, tana iya yin iyo a saman ruwa ta fice kana kallo. Don haka ba a shafa wa cikin kwami fenti mai mai, ba a taɓa shimfiɗa da hannun da ya taɓa girisi.

Kafawa da ciyarwa

Ƙa'idar da ake farawa da ita ita ce gangaren inci 1 a kowace ƙafa 1, wato wajen santimita 8 a mita. Daga nan ido ne zai yi maka jagora. Ka tabbatar gefe da gefe sun daidaita. In ruwa ya fi zurfi a ɓangare ɗaya, rabin kwaminka ne kawai ke aiki. Ruwan ya rufe shingaye da kamar yatsa biyu, yana tafiya shimfiɗe, ba farin kumfa. Jefa tsakuwa mai girman gyaɗa a kai: in ta gangara a hankali ta fita, madalla, in ta tsaya, ƙara gangare ko ruwa, in ta wuce kamar an harba ta, rage. Sai ka ɗora dutse a bisa kwamin don kada rafi ya tafi da shi.

Kada ka zuba ƙasa yadda ka haƙo ta. Ka tace da rariya mai ido santimita 1 ko ƙasa da haka. Babban dutse yana bukatar ruwa mai ƙarfi kafin ya motsa, kuma ruwan da zai tura shi zai tafi da ƙananan ƙwayoyi. Yumɓu kuwa ɓarawo ne: curinsa yana birgima a kan shimfiɗa yana lasar zinariyar da ta riga ta zauna. Ka jiƙa shi a bokiti, ka murje da hannu har ya narke. Sannan ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, kana barin shingaye su numfasa tsakanin shebur da shebur. Sannu ba ta hana zuwa.

In za ka kwashe, ka rage ruwan a hankali, ka ɗaga kwamin a kwance, ka tsayar da ƙarshensa cikin baho. Cire tsanin, naɗe shimfiɗa, ka nutsa ta cikin bahon kana girgizawa har ruwan ya daina fitar da baƙi. Abin da ya taru 'yan kofuna ne na baƙin yashi, kuma a nan kasko zai dawo. Mayen ƙarfe a cikin leda yana ɗebe baƙin yashin, amma ka sake duba abin da ya ɗauko, domin yakan haɗo da zinariya.

Tambayar da ba a so a yi

Mai wanki yana ganin abin da ya kama, ba ya ganin abin da ya tsere. Mutum zai yi shekaru yana yabon kwaminsa alhali bai taɓa duba bayansa ba. A Yukon ta Kanada, inda aka yi rububin Klondike daga 1896, wani injiniya mai suna Randy Clarkson ya ɗauki wannan tambaya da gaske a wajajen 1989 da 1990. Ya sa aka haska ƙwayoyin zinariya a tukunyar nukiliya yadda na'ura za ta iya jin su, ya cakuɗa su cikin tsakuwar da ma'adinai ke wankewa, sannan ya bi da na'urar yana neman inda kowace ta tsaya. Sakamakon ya nuna cewa wasu kwamayen da masu su ke alfahari da su suna zubar da dukiya mai yawa, kuma maganin ba mai tsada ba ne: a tace tsakuwa, a daina cika kwami, a sa ragar ƙarfe bisa shimfiɗar zaren roba, a riƙa kwashewa kafin ta toshe.

Ba sai kana da tukunyar nukiliya ba. Ajiye baho a ƙarshen kwami, ka tari abin da ke fita, ka wanke da kasko. In ka ga ƙyalli, akwai gyara. Ko kuma ka ƙirga ƙwayoyi 10 daga zinariyar da ka riga ka samu, ka zuba su cikin bokitin yashin da ka tabbatar ba komai a ciki, ka wanke, ka ga nawa suka dawo. A kwami mai lafiya, yawancin zinariya a kashi ɗaya cikin uku na farko take tsayawa. In kana samun ta da yawa a shingen ƙarshe, ka sani wata ta riga ta wuce. Ka canza abu ɗaya tak, gangare ko ruwa ko shimfiɗa, ka sake gwadawa. In ka canza biyu a lokaci guda ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Rafi yana da masu shi

Ƙasashen da wannan sha'awa ta yi ƙarfi ba su bar ta sakaka ba. A jihar Biktoriya ta Ostireliya sai da takardar izini ake neman zinariya, ko da don nishaɗi ne. Niyu Zilan ta ware wuraren da kowa zai iya wanki da kayan hannu, amma kwamin kada ya wuce mita 1 a tsawo da santimita 20 a faɗi. Kalifoniya ta dakatar da injin zuƙo yashi daga gindin kogi tun 2009. Masu mutunci a cikin masu wannan sha'awa suna cike ramin da suka haƙa, ba sa taɓa gaɓar rafi ko saiwar bishiya. A Nijeriya kuwa, tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun sa duk ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, don haka ko ƙaramin mai haƙo yana bukatar lasisi.

Inda abin ya shafe mu

A Anka da Bukkuyum da Birnin Gwari, da Jado a arewacin Nijar inda aka yi rububi a 2014, ba don nishaɗi ake neman zinariya ba. Kuma mun ga abin da rashin sani ke jawowa. A 2010 aka gano cewa gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa dutse mai dalma a bushe a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Kwami ba ya maganin dalma. Maganinta shi ne a fitar da niƙa daga gari, a niƙa da ruwa, a nisanta wurin wanki da rijiya da tafkin sha, ma'aikaci ya yi wanka ya canza tufa kafin ya shiga gida.

Inda kwami ke da magana shi ne zaiba. Ƙananan masu haƙar zinariya su ne kan gaba a duniya wajen sakin zaiba cikin iska, fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ɗan Adam ke saki. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya da Nijar suke ciki, ta lissafa zuba zaiba a kan niƙaƙƙen dutse gaba ɗayansa cikin ayyukan da ake so a kawar. Mai kwami mai kyau yana mai da buhunan gari su koma 'yan kofuna, don haka zaibar da zai taɓa kaɗan ce, kuma in abin da ya tara ya yi tsabta sosai yana iya narka shi kai tsaye da sinadarin boraks, kamar yadda ake yi a Benguet ta Filifin. Sai dai a kula: zinariyar niƙaƙƙen dutse ta fi ta rafi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tana son ruwa siriri, shimfiɗa mai laushi ba dogon shinge, da kwashewa a kai a kai.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin kafinta ko mai walda a Gusau ko Agadas. Katako da raga da shimfiɗar ƙofa duk suna kasuwa. Abin da ya rage shi ne ɗabi'ar gwaji. Wanda ya tari abin da ke fita daga kwaminsa ya ga da idonsa zinariyar da yake zubarwa ba ya bukatar wa'azi kafin ya gyara, kuma gyaran da zai ƙara masa kuɗi shi ne dai zai rage zaibar da iyalinsa ke shaƙa. A babi na gaba za mu ɗauki baƙin yashin da ya taru a baho, mu bi matakan tsarkake shi har zuwa narkawa ba tare da ɗigon zaiba ba.